Ƙofar Gogen da Aka Toshe

Ranar da Yaya ta fara ganinsa, da hannu biyu ya karɓi kayan. Wannan ne abin da ya tsaya mata a rai. 'Yan aike da yawa sun sha zuwa shagon mahaifinta, inda ake gyaran goge da molo da ganguna, kuma kusan dukkansu da hannu ɗaya suke fizgar kwali, ɗaya hannun na riƙe da waya. Shi kuwa sai da ya cire hular kwanonsa ya ajiye a kan babur, ya share tafinsa a jikin wando, sannan ya miƙo hannu biyu kamar wanda za a ba jariri.

"Ina ne samansa?" ya tambaya.

Ta nuna masa da yatsa, ba ta ce komai ba. Dama haka take. Tun da ƙanwarta Auta ta fara magana kowa a gidan yake kiranta Yaya, ban da Baba da ke ce mata Uwata, kuma kowa ya san maganarta ba ta wuce gyaɗa kai da murmushi. Auta ce mai baki. Ita ce ta laƙaba wa ɗan aiken suna Yana-kan-hanya, domin duk wanda ya kira kamfaninsu yana cigiyar kayansa, amsar da ake ba shi ke nan.

Watanni suka shuɗe yana zuwa yana ɗaukar kaya. Wata rana da Baba ya shiga ciki, ya tsaya yana juya makullin babur a yatsa, ya ce, "In na turo manyana, koro su za a yi?"

Yaya ta sunkuyar da kai tana ta naɗa igiya a kwalin da ya riga ya ɗauru. Zuciyarta ta amsa, bakinta ya ƙi.

"Ba komai," ya ce. "Ki yi a hankali. Ni ma ai kin ji sunana."

A cikin wannan jiran ne aka kawo gogen. Na wani tsohon makaɗi ne da ke wani gari mai nisa, ƙwaryarsa ta yi baƙi saboda shekaru, wuyansa ya lotsa daidai inda yatsu ke zama. Baba ya sake masa fata, ya ɗaura sabuwar tsagiya, wato gashin dokin da ake gogawa ya yi sauti, ya rataye shi ya bushe.

Yammacin da za a mayar da shi, ɗan aiken ya makara. Rana ta yi ja, tsuntsaye sun koma bishiya, Baba ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Yaya ta zauna ta shirya gogen kamar yadda aka koya mata tun tana ƙarama. Ta sassauta tsagiyar don kada ta tsinke a hanya. Ta kwantar da jakin, ɗan icen nan da ke ɗaga ta sama. A jikin fatar akwai 'yar huda da sauti ke fita, wadda Baba ke kira ƙofa. Ta nan ta riƙa tura auduga da tsinke har cikin ya cika, yadda ko an danne kwalin fatar ba za ta burma ba. Ta naɗe shi da tsumma, ta sa a kwali, ta sa kwalin a wani kwalin, ta girgiza a kunnenta. Babu abin da ya motsa.

Ɗan aiken ya karɓa da hannu biyu. Ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, ta ɓace. Titi ya yi tsit, irin shirun da ke zuwa tsakanin kiran salla da tayar da ita. A lokacin ne Yaya ta ji wata iska mai sanyi ta shigo shagon, ta wuce ta gefen kunnenta, ta tsaya a ƙusar da gogen ya bari babu komai.

Washegari da magariba tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi. Ɗaya, sai shiru mai tsawo, sai wata. Baba ya fita da tocila yana faɗa da 'ya'yan maƙwabta, bai tarar da kowa ba sai kyanwa da ta tsaya ƙiƙam tana kallon ƙofar shago.

Magaribar da ta biyo baya, suna zaune a tsakar gida, suka ji an taɓa gangar farko da ke rataye a shago. Bugu ɗaya, a hankali. Sai ta kusa da ita. Sai molon da ke biye. Haka abin ya bi bango a jere, kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙon da ke bin layi yana ƙwanƙwasa gidaje bai san wanda yake nema ba. Da ya kai ƙarshen bango sai ya tsaya, ya komo farko.

Inna ta riƙe hannun Baba. "Malam, ka ji?"

"Ɓera ne," in ji shi. Amma bai tashi ya duba ba.

Daga nan abin ya faɗa kan Auta. Yarinyar da ba a cin abinci sai da surutunta ta koma zama a lungu. Sai a gan ta tana zura yatsa a ramin makulli, a bakin kwalba, a hancin buta, tana leƙawa. Ta farke matashin kanta ta zaro audugar ciki ta watsar. In aka ba ta abinci sai ta tauna ta kasa haɗiyewa, ta nuna maƙogwaro ta ce, "Inna, a cike yake. An cusa mini abu." Aka kai ta asibiti, aka haska, aka auna, likita ya ce bai ga komai ba. Aka dawo da ita da magungunan da ba ta iya haɗiya. Wuyan hannunta ya sirance har abin hannunta ya riƙa zamewa da kansa.

Yaya ce ke kwana da ita, tana ɗiga mata ruwa da cokali, rabi ya shiga rabi ya gangaro. Ba ta da abin yi sai wannan. Littattafan da ta tara a ƙarƙashin gado, waɗanda da su ta koya wa kanta karatu, babu wanda ya faɗa mata yadda ake riƙe ƙanwa da ke zubewa ta tsakanin yatsu.

Ana cikin haka jikar tsohon makaɗin ta bugo waya. Goge bai iso ba, kuma tsoho ya kwanta ciwo, kullum shi yake tambaya. Baba ya kira kamfani, suka ce yana kan hanya. Ɗan aiken ya rantse cewa shi da hannunsa ya kai kwalin babbar ma'ajiyarsu, ya ga an ɗora shi a mota. Daga nan babu wanda ya sani. Ya bi ma'ajiya ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kwalaye, kowa na tura shi gaba. Kullum da yamma sai ya zo ya tsaya a bakin shago da jajayen idanu, ya girgiza kai.

Wani malami aminin Baba, dattijo mai sanyin murya da tabarau mai kauri, shi aka ɗauko daga ƙarshe. Ya zo da la'asar, ya zauna a kan tabarma har rana ta faɗi, suka yi salla. Ya ce a kawo Auta cikin shago, a kunna fitila ɗaya. Ya ga ɗan aiken a bakin ƙofa, ya ce shi ma ya shigo.

Ya fara karatu. Tsakuwa ta sauka a rufi, ya ci gaba. Gangunan bango suka ɗauki rawar jiki a kan ƙusoshinsu, ya ɗaga murya kaɗan. Can sai Auta, wadda ba ta iya zama sai an tallafe ta, ta miƙe zaune sambal, ta cafke wuyan hannun Yaya da ƙarfin da ba nata ba. Da ta buɗe baki, muryar wani tsoho ce ta fito, a shaƙe, kamar daga cikin ƙwarya.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ita kaɗai na samu bakinta a buɗe."

"Ka ji tsoron Allah. Kana kashe ta."

"Ni ma ba da son raina ba." Kan Auta ya juya a hankali ya dubi ƙusar da babu komai. "Tun mai gogen nan yana saurayi nake zaune a cikinsa. Ban taɓa cutar da shi ba. Yana gogawa, ina saurare. Da magariba nakan fita shan iska in dawo. Rannan na dawo daidai ana tura auduga ta ƙarshe. Na zagaya, na zagaya, babu ƙofa. Ina kallo aka ɗora gidana a bayan babur."

Baba ya dafe kai. "Wayyo. Mai gogen ya faɗa mini a waya, ya ce kada a toshe masa ƙofa. Na ɗauka rigimar tsufa ce. Uwata, ban gaya miki ba."

Yaya ta waiga. Tsinken da ta tura audugar da shi yana nan a kan tebur.

"To ka bi gidanka mana," in ji Malam.

"In bi shi ina? Ku da kuka aika shi kun san inda yake?" Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. "Mutumina yana can kwance, kwanakinsa sun ƙarato. Ina so in same shi da rai."

Ɗan aiken ya matso. "Ranka ya daɗe, ni na ɗauka. Zan nemo shi, wallahi zan—"

"Kai ne Yana-kan-hanya? Na ji ku a waya. Ku mutanen nan kun fi mu iya ɓatar da abu."

Babu wanda ya yi dariya sai Malam, shi ma a gemu. Ya gyara tabarau, ya ɗaga kai ya bi bango da kallo, ya nuna wani sabon goge da Baba ya gama bai kai ga sayarwa ba.

"Ga masauki. Ka fita daga jikinta ka shiga nan, a kai ka wurin mutuminka. In an samo naka, a cire audugar ka koma. In kuwa ka ƙi, zan ɗora daga inda na tsaya, kuma ba zan sake tsayawa ba."

Fitila ta yi ƙasa ta dawo.

"Warin sabuwar fata yake," muryar ta ce. "Amma na yarda. Ba kwali, ba tsumma, ba auduga. A kan cinya za a riƙe ni, ƙofa a buɗe, har ɗakinsa. Wannan ya tuƙa, tunda ya san hanya, amma ba shi zai riƙe ni ba. Hannun da ya toshe, shi zai kai ni."

Inna ta ce, "Ita da shi, a wannan doguwar tafiya? Malam, me mutane za su ce?"

Baba ya dubi Auta, ya dubi ɗan aiken, sannan ya dubi babbar 'yarsa ya daɗe. "Ni zan bi su a mota," ya ce. "Sauran magana kuma tana bakinta. Uwata?"

Yaya ta gyaɗa kai da sauri, hawaye na zuba.

"A'a," in ji muryar. "Ba na karɓar gyaɗa kai. Na zauna a gidan nan, na ga yadda kike ajiye mutum yana jira kamar kayan da aka manta a ma'ajiya. Da baki nake so."

Malam ya sauko da sabon gogen ya ɗora a cinyar Yaya, ya koma karatu a hankali. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, jikinta ya saki ta faɗo a kafaɗar yayarta. Tsagiyar gogen ta yi wani ɗan amo ita kaɗai, siriri, kamar ajiyar zuciya.

"Yaya," Auta ta ce da muryarta ta ainihi, ƙasa-ƙasa, "ƙishirwa nake ji."

Inna ta zabura ta nufi randa tana kuka. Amma hannun Auta na nan a wuyan hannun Yaya, a ƙage, sanyi ƙalau, yatsun sun nutse cikin nama. Yarinyar ta dube shi da tsoro kamar hannun wani.

"Ya fita, saura wannan," in ji Malam. "Ke yake jira, 'yata."

Yaya ta buɗe baki, babu abin da ya fito. Ta ji maƙogwaronta a cike, kamar ita ma an daɗe da cusa mata auduga. Ta ɗaga kai. Ɗan aiken na durƙushe a gabanta, hular kwanonsa a ƙasa, ya miƙo hannu biyu ya tallafi wuyan gogen don kada ya zame daga cinyarta.

Da ta fara magana, ƙaramin yatsan Auta ya saki, sai na kusa da shi.

"Na yi alkawari," ta ce, muryarta ta fito sarai har Inna ta tsaya cak da kofi a hannu. "A kan cinyata zan riƙe ka, ba zan rufe ka ba, ba zan miƙa ka ga kowa ba sai mutuminka. Na yarda da wanda zai tuƙa mu. In mun dawo kuma ya turo manyansa, Baba, ni da bakina zan ce na amince."