Tsarabar Tashar Utako

Kauthar tana cikin zuba shayi a falo, Abba ya ajiye rimot ya dube ta ta saman gilashi.

"Maganar yaron nan mai kek, Manniru, na janye."

Saura kaɗan butar ta suɓuce mata. "Haba Abba, don Allah..."

"Don Allah me? Mutum ya cika shago da kek ranar Ƙaramar Sallah, a Abuja! Wa zai saya, fitilun titi? Ƙarshe a bola aka zubar. Wanda bai san garin da yake zaune ba zan ba 'yata?"

Mama ta ce, "Alhaji, bara fa ya zo daga Kano. Can ranar Sallah ake ciniki."

Abba ya ce, "Shi ke nan, zuwa Babbar Sallah. In ya sake yin kwantai, a mayar musu da kayan sa-ranarsu."

Kauthar ta shige ɗaki ta sha kukanta. Amma da Manniru ya zo da yamma, idonta a bushe yake.

Kansa a ƙasa ya ce, "Ni dai Kano zan koma. Garin nan ba ya yi da ni."

"Ka koma ka bar ni da wa? Oga, zauna mu yi magana! A Abuja aka haife ni, amma ban taɓa yin Sallah a cikinta ba. Kullum Yelwa muke tafiya. Kowa ma garinsu yake gudu."

"Ai na gani da idona."

"To ta ina suke fita?"

Ya ɗago kai a hankali. "Tasha..."

"Kuma wa ke zuwa gida hannu rabbana? Duk shekara Mama sai ta yi ta faɗa kan tsaraba. Da ka tambaye ni tun farko, maimakon ka ce safrayis za ka yi mini!"

Dariyar da ya daɗe bai yi ba ta kuɓuce masa.

Tun watan Babbar Sallah bai kama ba suka fara shiri. Ya ajiye kek mai kirim, wanda zafin mota ke narkarwa, ya koma cincin, dubulan da ƙananan kek masu jure tafiya. Ya sa aka yi kwalaye daidai ɗorawa a cinya. Ya je ya gaida shugabannin tasha a Utako, suka ba shi gefen rumfa. Ita kuwa hotuna take ta sakawa a status ɗin wayarta, ƙawayenta na turo oda.

Ana jibi Sallah, Abba ya kai ƙanwarsa Gwaggo tasha, Kauthar na riƙe da jakarta. Da ta hango rumfar Manniru, babu kwali ko ɗaya a kan tebur. Sai ta lura da fasinjoji: kusan kowa da nasa a cinya.

"Wayyo, sun ƙare?" in ji Gwaggo.

Manniru ya durƙusa ya gaishe su, ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. "Naki na nan, Gwaggo."

Abba bai saki fuska ba. "To, ranar Sallah me za ka sayar?"

"Babu, Abba. Shago a rufe, ina Kano. Sai kuma Disamba, masu tafiya Kirsimeti har sun fara tambaya."

Abba ya dubi teburin, ya dubi 'yarsa da ta ƙi ɗago kai.

"In ka je, ka ce wa magabatanka ina jiran su bayan Sallah."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar tasha, har kwandastoci suka waiwayo!

Faɗuwa ɗaya ba ta kashe sana'a, ba ta kuma kashe soyayya. Wanda ya yi haƙuri ya karanci garinsa da lokacinsa, ya saurari mai ƙaunarsa, Allah ba ya barin sa.