Mai Tauna a Rediyon Slimane

Slimane yana da ƙaramar tashar rediyo ta intanet a ɗakin ƙarƙashin gidansa a garin Roubaix na ƙasar Faransa. Shi ya rubuta wa kwamfutar tashar umarninta: in mai magana ya yi shiru na daƙiƙa biyar ta sauya zuwa waƙa, kuma kafin wata waƙa ta gama mutuwa wata ta taso. Shekara uku tashar ba ta numfasa ba.

Wata magariba, matarsa Zoubida na zuba miya, sai waƙar tashar da ke tashi a rediyon kicin ta yanke. Tauna ce ta maye gurbinta, irin ta mai cin ɗanyen nama da baki buɗe. Slimane ya sauka ya bi umarninsa layi-layi, bai ga kuskure ba. Makirufo dai ya jiƙe da wani yauƙi mai warin mushe.

Kwana shida ana haka, har masu sauraro suka fara rubuto cewa abinci ya fita ransu. Ran na bakwai Slimane da Zoubida suka tarar da 'yarsu Ouarda, mai shekara sha tara, durƙushe a bakin magudanar ruwa da ke ɗakin tashar, tana lasar baƙin maiƙon da ya daskare a ciki. Zoubida ta yi amai a kan matakala.

Aka ɗauko Si Tayeb, tsohon malamin ruƙiyya daga garin Tourcoing da ke kusa. Ya toshe hanci da hankici, ya fara karatu. Can sai wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar, muryar aljani. Aljanin ya ce tun gidan yana hannun marina yake zaune a magudanar, kuma hayaniyar Slimane ta hana shi cin abinci cikin natsuwa. Ya ce a yanka masa baƙin zakara, a bar masa yarinyar duk Alhamis.

"Ko gashin kaza ba ka samu, ƙazami," in ji Si Tayeb. Ya ce za a ba shi shirun minti goma kowace magariba, ko kuwa karatu ya ci gaba.

Aljanin ya zaɓi shirun. Ouarda ta yi doguwar gyatsa mai wari, ta kife. Slimane ya ƙara wa umarnin kwamfutar layi biyu na shirun magariba.

Da Ouarda ta farfaɗo ta shafa leɓenta, ta dubi yatsunta.

"Mama, me na ci?"

Zoubida ta ce ba komai, ta rungume ta. Har yau ba wanda ya gaya mata. Amma tun daga ranar uwar ta ware mata cokali da kofinta daban, tana wanke su a ɓoye.