Kujerar da Yaya Sallau Ya Bayar

Ku matso kusa. Hansatu, rage fitilar nan. Kun daɗe kuna tambayata abin da ya kashe Yaya Sallau, manya suna ce muku zazzaɓi. To, zazzaɓi ne. Amma ba sauro ya kawo shi ba.

Kun san ɗakin da ya kama a bayan tasha, inda yake koyar da adana bayanai a kwamfuta. Duk kwamfutocin ɗalibansa a jikin uwa ɗaya suke sha, wadda ke ƙarƙashin teburinsa. Saba suke ce mata. Tsohuwa ce. Mutum biyar suka hau, sai ta fara nishi. Na shida ya shigo, ta tsaya cak, fankarta na kuka, jikinta kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Ya sha gaya mini abin da take buƙata, kamar mai faɗin maganin mahaifiyarsa. Faifai mai sauri. Iska mai sanyi. Sai ƙarin ram, ɗan fallen nan kore da ke ba ta ƙarfin ɗaukar mutane da yawa lokaci guda.

"Ba wani abu mai yawa ba ne, Tanimu," in ji shi. "Aji ƙarami ne."

Ƙaramin ma ya fi ƙarfinsa. Ɗalibai suka fara ce masa Malam Jira.

Sai ya tafi layin 'yan gwangwan, bayan kasuwa, neman na hannu. Shi kaɗai. Rana tsaka, lokacin da inuwar mutum ke ɓuya ƙarƙashin ƙafarsa. Wannan duk a kan tabarmar ciwo ya ba ni labari.

Layin shiru. Ko ƙuda babu. A ƙarshensa wani dattijo na zaune cikin tarin matattun injuna, da rigar sanyi, babu ɗigon gumi a goshinsa.

"Malam, mutum nawa za su hau ta?"

Yaya bai gaya wa kowa abin da ya kawo shi ba. Kuma mutumin na gabansa, amma muryar daga bayan kunnensa take fitowa.

"Sha biyu, Baba."

"Kujeru fa?"

"Sha uku."

"Madalla."

Ya miƙo masa falle. Ba kore ba. Baƙi, mai sanyi kamar ƙanƙara.

"Nawa zan bayar?"

"Ba na taɓa kuɗi. Kujerar da ta rage tawa ce. Ni ma ina son karatun. Kada a zauna mini."

Sai da Yaya ya sunkuya zai yi godiya ya ga ƙafafun. Diddige gaba, yatsu baya.

Me ka ce, Ɗanliti? E, ya karɓa. Kai ba ka taɓa tsayawa gaban mutum sha biyu suna dariyarka, kana lallashin injin da ya suma ba. Yi shiru.

Ya sa fallen. Saba ta tashi kamar budurwa. Duk suka hau lokaci guda, ko tari ba ta yi ba. Fanka ta daina juyawa. Na taɓa jikinta da hannuna: sanyin randa. A fuskar kwamfutar Yaya kullum masu aiki sha uku ne, ga kujera ɗaya wayam. Wani lokaci maɓallan kwamfutar da ke gaban kujerar kan lotsa da kansu a hankali, kamar mai koyo.

Sai Baraka ta zo. Mijinta ya rasu, goyo a bayanta, an yi mata alkawarin aiki a wani asibiti in ta kawo takardar shaida.

"Aji ya cika," in ji Yaya.

"Malam, ga kujera can."

"An kama ta."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. "Wa ya kama, Malam? Iska?"

Ba ta tafi ba. Ta tsaya jikin bango tana leƙen kafaɗun mutane, tana jijjiga yaro. Washegari ma haka. Jibi ma. Kun san Yaya. Mutumin da ba ya iya cin abinci kyanwa na kallonsa.

Ya ja kujerar da hannunsa. "Zauna, baiwar Allah."

Ba abin da ya faɗo. Ba abin da ya fashe. Saba ta ci gaba da aikinta, da sanyinta. Sai dai muryar nan, a bayan kunnensa:

"Ni nake ɗauke muku zafinta. Tunda an tashe ni, sai ka ɗauka."

Daga ranar, duk ɗalibin da ya hau, gumi ya karyo wa Yaya. In aji ya cika, idonsa ya yi ja, leɓɓansa su tsage. Allura ba ta yi ba. Rubutu bai yi ba. Nakan jiƙa tsumma in ɗora masa a goshi, kafin in ajiye kwanon ya bushe.

"Yaya, cire abin nan."

"Jarrabawa ta kusa. In na cire, ba za ta ɗauke su ba."

"To su jira!"

Ya yi murmushi. "Sun gaji da jirana, ƙanena."

Sun rubuta jarrabawa. Duk sun ci. Ranar da aka raba takardu, suna ɗaukar hoto a ƙofar aji, ni ina riƙe da hannunsa a ɗaki, hannun da ba ya riƙuwa don zafi. Da la'asar ya yi sanyi. Karon farko.

Cikin sha ukun nan, ba wanda ya taka zauren ta'aziyya. Baraka ta aiko a ce Allah ya jiƙansa, ba a ba ta hutu a wurin aiki ba.

Na buɗe cikin saba don in farfasa fallen. Gurbinsa babu komai.

Haushi ya kai ni layin 'yan gwangwan, rana tsaka, da taɓarya a hannu. Ba dattijo, ba rumfa. Na juya zan tafi ke nan, na ji a bayan kunnena, a hankali:

"Kai fa? Ku nawa ne a gida?"

Ban san inda na yar da taɓaryar ba.

Saboda haka kada wanda ya bi layin nan shi kaɗai, ko me ya lalace muku. Kuma in an tambaye ku yawanku, kada ku amsa.

Hansatu, daina ƙirga mu. Ƙara fitilar.