Muryar Da Baba Ya Ji A Kujerar Likita

Kwana huɗu ke nan Baba Hedimasta yana safa da marwa a tsakar gida riƙe da kumatu, duk wanda ya ce masa sannu kuwa sai ya sha harara. Mutumin da ya shekara talatin yana sa 'yan makaranta rawar jiki, ga shi haƙori ɗaya na can ƙurya ya hana shi sakat. Ya danna kanumfari, ya kuskure da ruwan gishiri, duk a banza, har kumburin ya fara janyo masa ido.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana zaune a tabarma, ƙafarta ta dama cikin filasta.

"Baba, likita fa ya ce ba za su taɓa ka ba sai da ɗan rakiya. Allurar da za su yi maka tana sa jiri."

"Ni yaro ne?"

"Yaya ya yi tafiya, Gwaggo ba ta gani sosai, ni kuma ga ni." Ta nuna ƙafar, ta sunkuyar da kai. "Sai dai ko... shi."

"Shi wa?"

Ya san ko wane ne sarai. Tela ne, mijinta na shekara ɗaya da rabi, mai haƙuri da son matarsa, amma mai hali irin na wasu teloli: in ya yi alkawarin ɗinki bai cika ba, sai ya kashe waya ya lafe a shago. Ranar da Auta ta zame a banɗaki ta karye, sau goma sha ɗaya ta kira shi, wayar a kashe saboda wata kwastoma mai masifa. Maƙwabciya ce ta kai ta asibiti. Daga can Baba ya wuce da 'yarsa gidansa, ya ce ba za ta koma ba sai ranar da ya ga dama, in ma ranar za ta zo. Sati shida ke nan Tela yana zuwa kullum bayan la'asar, ya durƙusa a ƙofar falo, Baba ya amsa gaisuwar da hanci.

Haƙorin ya sake sara. Baba ya runtse ido ya ce, "Kira shi!"

Auta ta ja jiki zuwa ɗaki, ta kira shi a waya.

"Telana, ga dama ta samu! Don Allah ka lallaɓa shi. Ko me ya ce, ka ce to."

"Oke, ranki ya daɗe. Ai ni yanzu na yi digiri a cewa to."

"Ba wasa nake ba. Na gaji, ina so in dawo ɗakina."

"Ni ma gidan ya yi mini faɗi, wallahi."

Washegari da hantsi suka isa asibitin haƙori a tasi. Baba bai sa komai a ciki ba tun daren jiya, kamar yadda aka umarce shi, yunwa kuwa ta ƙara masa zafin rai. A ɗakin jira, wata nas mai fara'a ta zaunar da su ta yi bayani.

"Ba barci za mu sa shi ba. Allura ce a jijiyar hannu, hankalinsa zai kwanta, jikinsa ya saki. Yana ji, in an ce buɗe baki zai buɗe. Sai dai yawanci in sun wartsake ba sa tuna abin da ya faru. Kai ɗansa ne?"

Kafin Tela ya buɗe baki, Baba ya ce, "Tela ne."

Nas ta yi 'yar dariya, ta ɗauka raha ce. Tela ya yi murmushin yaƙe, amma maganar ta soke shi har ƙashi.

Bayan kusan awa guda aka kira shi wani ƙaramin ɗaki mai farin labule. Baba yana kishingiɗe a doguwar kujera, an cusa masa auduga a baki, wani ɗan abu maƙale a yatsarsa yana ƙara tit, tit. An cire masa hula. Tela bai taɓa ganin kan surukinsa ba hula ba. Idanun Baba a rabi buɗe, yana kallon silin yana wani lallausan murmushi da ba a san shi da shi ba.

"Ka zauna da shi, kar ya yunƙura," in ji nas. "Zan dawo nan da minti ashirin."

Ta ja labule. Tela ya goge wa Baba yawun da ke gangarowa, ya ce, "Sannu, Baba." Baba ya ce "Mmm," bai ko juyo ba.

A nan ne shaiɗan ya sami wurin zama. Ba zai tuna ba, in ji zuciyar Tela. Sati shida na durƙuso, da "Tela ne" ɗin ɗazu, duk suka taso masa lokaci ɗaya. Ya matso da kujera, ya rage murya.

"Baba, yau kai za ka saurara. Na yi laifi, na sani, na ba da haƙuri har bakina ya gaji. Amma kai wane irin miji ka yi da kake auna ni? Ni waya na kashe, yini ɗaya. Kai fa? Mama wata takwas tana ɓoye ciwo a cikinta, don tana tsoron faɗanka! Har ta mutu ba ta iya ce maka tana jin jiki ba. Gidanka kowa a tsorace yake, kai kana ce masa ladabi!"

Ya faɗa, ya ƙara, har ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau. Sai ya ɗaga kai. Murmushin Baba yana nan, amma hawaye na bin gefen idonsa yana shiga kunne. Tsoho ne kwance, ba hula, baki cike da auduga, ba shi da ikon ko ɗaga hannu.

Wata irin kunya ta rufe Tela, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Ya sa hankici ya share hawayen. Da nas ta shigo ta gan shi, sai ta ce, "Allah sarki, ka iya jinya." Ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya riƙo Baba har tasi, ya kai shi har gado, ya jera magunguna ya rubuta lokacin kowanne. Da yamma Baba ya wartsake, yana tambaya wai yaushe aka dawo, shi bai ma san an cire haƙorin ba. Tela ya yi ajiyar zuciya, amma ajiyar ba ta kai ciki ba. Kwana biyu yana ɗinki yana farkewa, har ya haɗa wa wani hannun riga a baibai.

Rana ta uku ya zo gaisuwa, sai ya tarar da Auta a baranda tana ta washe baki.

"Albishirinka! Baba ya ce in haɗa kayana, jibi ka zo ka ɗauke ni!" Ta kama hannunsa. "Me ka yi masa haka? Tun da kuka dawo ya yi sanyi. Jiya har tambayata ya yi wai ina jin tsoronsa?"

Tela ya zame ya zauna a ƙasa. Bai iya kallonta ba, yana duban filastar ƙafarta ya faɗa mata komai.

Ta saki hannunsa.

"Maganar Mama? Wadda na faɗa maka ina kuka, a ɗakinmu, na ce ko Yaya bai sani ba?"

"Ita."

"Ka ɗauki sirrina ka doki ubana da shi, yana kwance ba ya iya magana? Haba! Haba, Tela!"

"Sori ba za ta isa ba, na sani."

Ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska da gefen mayafi. "To ka yi shiru. Bai tuna ba, ya riga ya yarda. Ni da kai ma yi tamu a gida. In ka faɗa masa, wallahi na san Baba, shi ke nan an gama."

"Na sani. Amma in na ɗauke ki jibi, sato ki na yi. Kullum na durƙusa gabansa yana sa mini albarka, ni na san abin da na yi. Ba zan iya ba, Auta."

Ya tashi ya yi sallama a ƙofar falo. Baba yana zaune, kumburi ya saɓe, hula ta koma mazauninta.

"Shigo. Zauna a kujera."

Tela ya durƙusa a ƙasa. "Baba, akwai abin da na yi a asibiti..."

"Bari in riga ka," Baba ya katse shi, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Allurar nan abin mamaki ce. Da ta shiga, sai na ji wani ɗumi ya bi hannuna, tsoron ya tafi gaba ɗaya. Ina jin ƙarar ƙarafa a bakina, ina jin ana ja, amma kamar a bakin wani ne. Mutane na magana kamar daga bayan bango. Na ɗauka minti biyu aka yi, ashe awa ce. Duk sauran ya goge, abu ɗaya ne ya maƙale. Wata murya ta ce mini mahaifiyar Auta ta mutu tana tsorona. Ban ga fuska ba. Na ce ko maganin ne, ko zuciyata ce ta sami bakin magana da na yi laushi. Kwana uku ina juya ta. Shi ya sa na ce yarinyar nan ta koma, kar in..."

"Ni ne, Baba."

Baba ya ɗago kai. Tela ya ci gaba.

"Ni na faɗa. An ce ba za ka tuna ba, shi ne na faɗi abin da ba zan iya faɗa ba kana zaune haka. Ba ruwan Auta, amana ta ba ni na ci. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Jijiyar goshinsa ta tashi. Fushi ne, amma akwai kunya a ciki, don wanda ya raina ne ya ga hawayensa.

"An ba ka ni a hannu, ba ni da ƙarfin ƙuda, ka zaɓi lokacin?"

"E, Baba."

"Tashi ka fita. Maganar jibi babu ita."

Auta tana jin su daga baranda, ta toshe baki da mayafi. Tela ya wuce ta gabanta, kansa a ƙasa.

Washegari bayan la'asar ya dawo. Ba a amsa sallamarsa ba, ya yi tsayuwarsa ya tafi. Haka jibi, haka gata. Auta ma kwana biyar ba ta ɗaga wayarsa, ran na shida ta turo saƙo: "Ban huce ba. Amma ka ci abinci." Ya karanta ya fi sau ashirin. An cire mata filasta, ta fara takawa da sanda, shi yana nan yana zuwa. Bai aiko kowa roƙo ba, bai kuma sake kare kansa ba.

Rana ta goma sha tara, Baba da kansa ya ɗaga labule.

"Shigo. Ke ma zo."

Suka durƙusa, kowa na kallon ƙasa.

"Na tambayi gwaggonku," in ji Baba. "Ta ce gaskiya ne, ita ma ta sani, ni ne ban sani ba. Shekara bakwai ba wanda ya iya faɗa mini, sai da aka sa mini auduga a baki." Ya juya wajen Tela. "Kai kuma, abin da ka yi ragwanta ne. Amma da ka yi shiru da ka tafi da matarka, ni kuma in mutu ina cewa mafarki na yi. Ka dawo ka faɗa ina ji ina gani, ka san abin da za ka rasa. A kan wannan na ba ka ita, ba a kan jinya ba."

Auta ta fashe da kuka. "Baba, ka yafe mini, ni na..."

"Ke za ki yafe mini, Auta. Uwarki ba ta nan balle in roƙe ta."

Tela kuwa hawaye kawai yake yi.

Ranar da yamma ta koma ɗakinta, tana dogara sanda, yana riƙe da jakarta. Duk wanda aka damƙa maka shi ba ya cikin hayyacinsa, amana ne, ko da shi ya ɓata maka. In kana da magana, ka jira ya tashi zaune ya iya ba ka amsa. In kuma ka riga ka zame, ka koma ka faɗa da bakinka, ka haƙura da abin da zai biyo baya. Tela ya sami matarsa, amma har yau in surukinsa ya ce masa "Faɗi ra'ayinka, ina jinka," sai ya ji kunya ta hana shi ɗaga kai.