Bugu Biyu Daga Bakin Tafki

Gab da faɗuwar rana Verna Lahti ta shigo rungume da itace, ta tura ƙofa da ƙafa. Ƙarshen hunturu ne a arewacin Michigan, ƙanƙara na narkewa da rana, ta sake daskarewa da yamma. Ba ta kai ga sauke itacen ba wayar gida ta yi ƙara.

Sau ɗaya. Sau biyu. Ta yi shiru.

Verna ta san wannan bugun. A zamanin da akwai wayar jefa sulalla a bakin tafki, haka mijinta Arvo yake yi in ya taso daga kamun kifi. Sai ya buga sau biyu ya ajiye, sulallansa su faɗo masa, ita kuma ta ɗauki mota ta je ta ɗauko shi. Wata shekara, a irin wannan lokaci, ƙanƙarar tafkin ta buɗe a ƙarƙashinsa kafin ya iso gaɓa. Ba a ga gawarsa ba. Daga baya aka tuge wayar, sai guntun ƙarfen da take kai ya rage. Amma duk shekara, da ƙanƙara ta fara ruɓewa, sai wayar gidan ta yi bugu biyu da almuru. Verna ba mai kuka a gaban waya ba ce. Takan ce, "Na ji. Ba na zuwa." Ta ci gaba da aikinta.

Bana wayar ce ta canza. Ɗanta Curtis ne ya matsa mata.

"Mama, wannan tsohuwar igiyar ta girme ni. Lambarki ce dai, ta intanet kawai za ta riƙa bi. Har sunan mai kira za ki riƙa gani."

"Ce maka na yi na daina gane muryar mutane?"

Ya yi dariya, ya jona wani ɗan akwati mai ƙifta haske a bayan firji. Tun daga ranar sunaye suka hautsine. Kantin magani ya kira, gilashin wayar ya nuna mai facin taya. Ƙanwarta Lorna ta kira, ya ce ba a san mai kira ba. In kuwa Verna ce ta kira mutane, sunan Arvo ke fito musu, don da sunansa aka buɗe layin. Lorna ta ce saura kaɗan ta saki kofin shayi a cinya. Wayar Curtis ta hannu kuma ta ɗauki lambar uwarsa a ta 'yan damfara, ta toshe ta. Kamfani ya ce a yi haƙuri, sunayen za su daidaita a hankali. Curtis ya ce zai gyara tasa. Bai gyara ba.

Ta zube itacen, ta kai ido kan gilashin.

CURTIS LAHTI.

Ta tsaya cak. Da safen nan ya ce mata zai je ya janyo 'yar bukkarsa ta kamun kifi daga kan ƙanƙarar tafki kafin ta nutse. Ta ce masa bukkar katako ba ta kai ran jaki ba, balle na mutum. Ya sumbaci goshinta ya fita.

Ta danna lambarsa. Ba ta shiga ba. Ta sake. Ba ta shiga ba.

Ta san gilashin maƙaryaci ne. To, in yau ce ranar da ya faɗi gaskiya fa? Manyan takalman roba na ɗibar itace na ƙafarta, ta ɗauki makullin mota. Ba ta ma san ta jefa kan wayar mara igiya a aljihun kwat ba.

Hanyar tafki babu kowa. Itatuwa baƙi ƙirin ta kowane gefe, taya na murƙushe ƙanƙara. Da ta iso, babu motar Curtis a inda ake ajiye motoci. Babu motar kowa.

Ta kashe inji.

Tafkin yana nishi, irin nishin ƙanƙarar da ta gaji, mai fitowa daga ƙasa ya bi ta tafin ƙafa. Can nesa ga bukkar. Da haske a cikinta. Wani na tsaye a gefenta yana kaɗa hannu.

"Curtis!"

Muryarta ta tafi, ba ta dawo ba.

Sai aljihunta ya yi ƙara.

Kan wayar da ko bakin titin gidanta ta kai shi mutuwa yake yi, ga shi yana ƙara a nan. Ta zaro shi. Gilashin na haske kore. Sunan ɗanta. Ta kara a kunne.

Ƙarar ruwa ta ji, kamar ana magana daga cikin randa.

"Mama." Raɗa ce. "Ƙafata ta maƙale. Zo."

Ba ta yi shawara da kowa ba, har da kanta. Ta taka ƙanƙarar.

Ruwa ne kwance a samanta, baƙi, ya kai idon sawu. Tana jan ƙafa a hankali, ba ta ɗagawa. Ƙanƙarar na cewa ƙas a dama, ta amsa ƙas a hagu. Gaɓa na ta nisa. Bukkar kuwa ba ta matso ba.

"Ina zuwa. Kwanta ka baje jikinka, kada ka motsa, shashasha kawai."

"Yi sauri, Mama."

Iska ta juyo, ta kawo mata wari. Laka. Kananzir. Tabar lofe.

Curtis bai taɓa shan taba ba.

Ta sunkuyar da kai. A inda sauran dusar ƙanƙara ta rage akwai sawu. Ta bi shi da ido. Daga tsakiyar tafki ya fito, ya nufi gaɓa har gindin guntun ƙarfen nan, ya juyo ya koma. Babu sawun da ya zo daga titi. Na dama cikakke. Na hagu ja ne, dogon layi, yadda Arvo yake jan ƙafa tun da dutse ya danne shi a mahaƙar ma'adinai.



"Arvo," ta ce.

Ruwan cikin wayar ya yi shiru. Sannan muryar ta sauka, ta yi kauri.

"Na buga, Verna. Na yi ta bugawa."

"Na ji."

"Ba ki zo ba."

"Ina ɗana?"

"Da sanyi a nan."

"Na ce ina ɗana!"

"Zo ki gani."

Hasken bukkar ya mutu. Wanda ke tsaye ya ɓace.

Ƙanƙara ta buɗe.

Ƙafarta ta hagu ta zurma har cinya. Sanyi ya soke ta kamar wuƙa. Wayar ta suɓuce ta faɗa ramin. Ta kife a kan ciki, ta baje hannuwa, yadda aka koya wa kowane ɗan garin tun yana yaro.

Wani abu ya riƙe takalmin.

Ba ciyawa ba ce. Yatsu ne. Ta ji su ɗaya bayan ɗaya suna zagaye idon sawunta, a hankali, ba gaggawa.

Ya ja.

Ta kafa farce a ƙanƙara. Farce ya karye.

Ya sake ja.

Takalmin Arvo ne dama, ya yi mata yawa. Ta miƙe yatsun ƙafa, ta murɗa. Ƙafar ta zare.

Ta mirgina. Ta ja ciki. Ba ta tashi ba, ba ta waiwaya ba.

Ba sai ta waiwaya ba. Koren hasken na ƙarƙashinta, cikin ruwa, daidai fuskarta, yana bin ta. Wayar na ƙara ta cikin ƙanƙarar.

Biyu. Shiru.

Biyu. Shiru.

Hannunta ya taɓa tsakuwa.

Da safa jiƙaƙƙiya ta taka totur har gida. Ta tarar da fitilar kicin a kunne, Curtis zaune yana shafa wa burodinta man shanu.

"Ina kika shiga, tsohuwa? Kai! Ina takalminki ɗaya?"

"Ka kira ni?"

"Ni? A'a. Da rana na je na ga ƙanƙarar na juyo. Wane mahaukaci ne zai hau ta?"

Ta matso ta kama kunnensa, ta ji ɗuminsa, ta murɗe shi sosai. Sannan ta zauna a ƙasa.

Yatsun ƙafarta biyu ba su sake jin zafi ko sanyi ba. Ta nemi a mayar mata da tsohuwar igiya, aka ce an riga an yanke layin, ba ya dawowa. Sai ta sami baƙin salatif ta liƙe gilashin sabon kan wayar. Ba ta ɗagawa sai ta ji bugu na uku.

Curtis ya ji kunya, ya zauna ya gyara komai. Ya buɗe lambarta a wayarsa, ya sa kamfani ya cire sunan Arvo ya sa nata. Ran Lahadi ya zo cin abincin yamma yana ta cika baki. Rana na faɗuwa, wayarsa da ke kan tebur ta yi ƙara.

Sau ɗaya. Sau biyu. Ta yi shiru.

VERNA LAHTI.

Ya dubi gilashin. Ya dubi uwarsa da ke zaune gabansa riƙe da cokali. Ya dubi wayar gida a rataye a bango.

Verna ta miƙa hannu ta ɗauke makullin motarsa, ta jefa cikin rigarta.

"Ko ba na kusa, ko da muryata ka ji, ba ka zuwa," ta ce. "Ci abincinka."