Kayan da Ba Za a Kulle Ba

"Wannan ma ba za a ɗauka ba?"

Hafizu ya tsaya a tsakar gidanmu, hannuwansa fari fat da siminti, yana nuna tsohon turmin mahaifiyata wanda ya tsage tun daga baki har gindi.

"Ba za a ɗauka ba," na ce.

"Haba Nasiba! Turmin da ko gero ba a dakawa ciki? Mi munka yi da ke? Abin da za ku taɓa kullum shi kaɗai za a bari waje, saura a kai ɗakin Inna Rakiya a kulle."

"Baba na taɓa shi kullum."

"Baba daka yake yi?"

Na ɗago na kalle shi. Nan da nan ya gane maganar ba ta yi mini daɗi ba, ya sauke murya.

"Yi haƙuri, masoyiyata... wasa nika yi."

Ban yi dariya ba.

Hafizu magini ne, kuma shi ne mutumin da aka sa ranar aurenmu da shi bayan kaka. Ruwan watan Agusta ya tsaga bangon ɗakin Baba, rufin ma ya fara zuba. Yayana Saminu ya aiko da siminti da kwano daga Yamai, Hafizu ya ce ba wanda zai taɓa gidan surukinsa in ba shi ba. Aikin mako uku ne. A cikin kwanakin nan Baba zai koma zaure, ni kuma in kwana a gidan maƙwabciyarmu Inna Rakiya, inda za mu ajiye kaya.

Mahaifina, Malam Magagi, shekara ashirin da takwas ya yi yana koyarwa, ya gama a matsayin direktan lakkwal, wato shugaban makaranta, a Tabla kafin mu dawo Filinge. Shekara huɗu ke nan da idanunsa suka rufe. Bayan shekara guda mahaifiyata ta rasu. Tun daga ranar ni ce nake sanin inda komai yake a gidan.

Shi ma ya sani, amma da ƙafa da sanda. Daga bakin ɗakinsa taku bakwai ne zuwa randa. Daga randa zai miƙe har sandarsa ta bugi turmi, sai ya juya dama, ga wurin alwala. Bai taɓa kiran kowa ba.

Tun safe nake rabon kayan gida kashi biyu. Na bar tukunya biyu da murhu, randa da moɗa, butar Baba da buzunsa na salla, gidan sauro, fitila, rediyonsa, maganin da nake ɗiga masa a ido safe da yamma, da gwangwanin da takardun gida ke ciki. Komai na ɗauka sai na tambayi kaina: in hannun Baba ya nemi wannan bai same shi ba, me zai faru? In babu abin da zai faru, sai in miƙa a fita da shi.

Hafizu ya daɗe yana kallona.

"Kin san abin da na lura?" ya ce.

"Mi?"

"Kayan aurenmu kika hwara kaiwa a kulle. Akwatunan dut, da kwanonin, da katifar. Ko juyowa ba ki yi kin dube su ba. Amma kin yi rabin awa kina shawara kan tsohuwar moɗa."

"Ai ba yau za a yi amfani da su ba."

"Za a dai yi amfani da su?"

Na sunkuya ina naɗe tabarmar da na riga na naɗe.

Na san inda ya dosa. Wani kamfanin gini ya ɗauke shi aiki a Yamai, zai fara bayan kaka, ya ma kama mana ɗaki. Wata uku yana tambayata wa zai zauna da Baba. Goggo Samiratu, ƙanwar Baba da mijinta ya rasu a Tabla, da bakinta ta ce za ta dawo gidan. Ni kuwa kullum amsata guda ce: Goggo ba ta san yadda Baba ke son kununsa ba, ba ta iya ɗiga magani ba, hannunta na rawa.

"Nasiba, magana nika yi miki."

"Ka bari a gama aikin nan, Hafizu. Don Allah."

Ya girgiza kai ya koma wajen bango. Ina jin yadda yake dukan ƙasar da diga, na san ba bangon kaɗai yake duka ba.

Kwana uku komai ya tafi daidai. Na koya wa Baba sabuwar hanya daga zaure: ya bi katanga da hannun hagu har randa, daga nan sai tsohuwar hanyarsa.

Rana ta huɗu ranar kasuwa ce. Na bar masa abincinsa a rufe kusa da buzu, na fita sayen kayan miya. Ina gaban mai tumatir wayata ta yi ƙara.

"Nasiba..." muryar Hafizu ce. "Ki taho likita yanzu. Baba ya hwaɗi."

Ban san inda na jefar da kwandon ba.

Na same shi a asibiti a kan gado, an ɗinke masa goshi, hannun damansa a naɗe. Ƙashin wuyan hannu ne ya karye. Farar rigarsa duk jar ƙasa da jini. Hafizu na tsaye a gefe, gaban rigarsa shi ma jini ne, don a kafaɗa ya ɗauko shi har bakin hanya.

"Baba! Baba, ni ce!"

"Na ji ki, ɗiyata. Bar kuka, ban mutu ba."

A hanyar komawa gida na ji yadda aka yi. Motar yashi ta zo, babu inda za a juye. Hafizu ya mirgina turmin ya kai shi gindin bishiyar bedi. Da azahar ta yi Baba ya tashi alwala, ya wuce randa yana neman turmi da sanda, bai ji shi ba, ya ci gaba da tafiya har ya rufta ramin da aka tona don tushen sabon bango.

Na jira har muka kwantar da shi a zaure. Daga nan na ja Hafizu tsakar gida.

"Abu guda na roƙe ka. Guda ɗaya!"

"Nasiba, ki saurare ni..."

"Na ce maka yana taɓa shi kullum! Ka yi mini dariya!"

"Ban yi miki..."

"Awa biyu na fita. Awa biyu kawai, Hafizu! Ka ga abin da ya hwaru? Shi ne kake son in tahi Yamai in bar shi shekara da shekaru?"

Ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi ƙofar zaure, ya rufe bakin.

"Ka tahi abinka," na ce, hawaye na shiga mini baki. "Ka samu wadda ba ta da makahon uba. Ni ba inda za ni. Gobe zan ce wa Yaya Saminu a maida muku kayanku."

"Kin san abin da kika ce kuwa?"

"Na sani."

Ban taɓa ganin hawaye a idon Hafizu ba sai ranar. Bai share ba.

"Shekara ukku nika jiranki," ya ce a hankali. "Ban taɓa ce miki ki zaɓa tsakanina da Baba ba. Ke ce kika zaɓa."

Ya juya zai fita, sai muryar Baba ta fito daga zaure, irin muryar da yake tsayar da aji guda da ita.

"Ku taho nan. Ku biyun."

Muka shiga muka durƙusa. Baba na zaune ya jingina da bango, ya ɗora karyayyen hannun a kan cinya.

"Hafizu, don mi ba ka hwaɗa mata gaskiya ba?"

"Baba, ba komi..."

"Akwai komi. Nasiba, yaron nan ya zo nan bayan fitarki ya durƙusa ya ce mini ya ɗauke turmi. Har sau biyu ya hwaɗa. Ya ce in zan tashi in kira shi ya kai ni. Na ce to."

Na juya na kalli Hafizu. Kansa na ƙasa.

"Da azahar ta yi ina jin shi can saman bango," Baba ya ci gaba. "Na ji nauyin in kira surukina ya riƙe ni kamar jariri. Na ce ai gidana ne, na san shi. Girman kai ya kada ni, ba turmi ba. Shi kuma ya yi shiru kina zaginsa don kada ya kunyata ni."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

"Tun ran farko nika jin ki kina rabon kaya. A bar wa Baba buta, a bar wa Baba rediyo. Na gode. Amma ɗiyata, ni ban ce a aje mini ke kusa da hannu kamar buta ba."

"Baba, wa zai..."

"Samiratu za ta zo. Za ta yi kunu mai gudaji, in sha. Za ta zuba maganin a kumatu, in yi mata hwaɗa, ta iya. Shekara ukku kin hana a gusa ko tsinke a gidan nan don kada in yi tuntuɓe. Ga shi an gusa abu ɗaya na zama kamar baƙo. Ni ma da laihina, daɗin abin na ji na kwanta."

Na kifa kaina a gwiwarsa ina kuka. Ya lalubo kaina da hannun hagu.

"Uwarki ba ta haife ki don ki tsufa kina ƙidaya mini taku ba."

Da la'asar ta yi ya nemi sandarsa. Na yi zumbur zan kama shi.

"Zauna," ya ce. "Hafizu zai kai ni. Shi ya san gidan da yake ginawa."

Ban taɓa yin abu mai wuya kamar zaman nan ba. Ina kallo Baba ya bugi tarin bulo da ƙafa, ya yi baya kamar zai faɗi. Na miƙe. Hafizu ya ɗaga mini hannu, idanunsa na roƙona. Na koma na zauna, na cije gefen mayafina.

"Nan yashi ne, Baba. Taku biyu hagu."

"Biyu naka ko biyu nawa? Kai ƙahwahunka dogaye ne."

Na ji su suna dariya. Ni kuwa kuka nake.

Da suka dawo na bi Hafizu har ƙofar gida.

"Ka yahe mini," na ce. "Maganar da na hwaɗa..."

"Ta yi mini ciwo, Nasiba. Ba zan ɓoye miki ba."

"Na sani."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Kada ki kira Yaya Saminu."

"Ba zan kira ba."

Aikin ya kai wata guda maimakon mako uku, don kowace safiya sai Hafizu ya zagaya da Baba ya taɓa duk abin da aka canza. Ya yi dakalin ƙofa ƙasa-ƙasa, ya kafa ƙarfen riƙewa a jikin bango har wurin alwala. Goggo Samiratu ta iso kafin a zuba rufi. Ranar farko ta ɗiga wa Baba magani a gira, suka yi ta cacar baki kamar yara. Na fita waje don kada hannuna ya karɓe kwalbar.

An ɗaura aure bayan an gama yankan gero. Da muka yi mako guda muka zo sallama, motar da za ta kai mu Yamai na jira a ƙofar gida.

Baba ya ce shi zai raka ni. Ya ƙi Goggo ta riƙe shi. Ya fito daga sabon ɗakinsa, ya ratsa tsakar gida, ya bi ta zaure har waje, bai bugi komai ba. Ya sa mana albarka, ya ce wa Hafizu, "Ga amana nan." Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe.

Motar ta tashi. Na juya ina kallonsa ta gilashin baya.

Yana tsaye da sandarsa, ya ɗaga hannun da ya warke yana yi mini bankwana. Sai dai wata mota ta wuce ta ɗaya gefen, ya bi ƙararta. Ya juya mana baya, yana ta ɗaga hannu ga hanyar Abala, ba ta Yamai da muka bi ba.

Na kama murfin ƙofa.

"In ce a tsaya?" Hafizu ya tambaye ni.

Ina gani Goggo ta fito, ta dafa kafaɗarsa ta juyo da shi wajenmu a hankali. Bai sauke hannun ba.

Na saki murfin, na kama hannun mijina da hannu biyu.

"A'a," na ce. "Mu tahi."