Saƙon da Barau Ya Shanye

Da la'asar sakaliya na shiga jirgin Yaya Barau, ƙwaryar nono a kaina, ɗana Muntaka a bayana, watansa bakwai. Kashegarin babbar sallah ce, shekara uku da cikar dam. Ba yawo ya kai ni ba, ciniki na bi. 'Yan birni ne cike da jirgin, sun zo Karaye buɗe ido da rikodarsu da kyamararsu, ɗan birni kuwa in ya ga kindirmo mai kyau ba ya tsayawa tayi.

Jirgin abin kallo ne, ba zan ƙi gaskiya ba. Mai inji, da rumfar kwano, an shafe shi da shuɗin fenti. Yayana yakan kai baƙi tsibirin da ke tsakiyar ruwa, su ɗauki hoto, su sha iska, ya dawo da su. Su ke cewa tsibiri. Mu mun san Tudun Kanya ne, ƙauyenmu. Abin da ruwa ya rage mana ke nan, kan tudu da itacen kanya guda.

A gindin kanyar nan akwai mutanen ɓoye. Mahaifiyarmu, Inna Maiturare, ita ke kai musu nono duk shekara, kamar yadda uwarta ta yi. Maƙwabta ne, in ji ta, ba su taɓa cutar mana da ko ɗan maraƙi ba. Da aka ce mu tashi ruwa zai zo, tana kwance, ƙafa ba ta takuwa. Ta sa aka cika ƙwarya, ta kira Yaya Barau.

"Ka kai gindin kanya. Ka yi sallama, ka ce ruwa na zuwa, su tashi. Maƙwabci ba ya ƙaura bai faɗa wa maƙwabcinsa ba."

Ko tukunya ba ta tafasa ba sai ga shi ya dawo. "Na isar, Inna." Ni kuwa na ga farin nono a gashin bakinsa. Ya harare ni, na haɗiye maganata. Inna ta rasu a sabon matsuguninmu wajen Kurugu tana sa masa albarka. Wannan albarkar ta daɗe tana ci mini rai.

Ranar da na shiga jirgin nan, tun kafin mu bar gaɓa hadari ya haɗo daga gabas. Masunta suna ta janye kwale-kwalensu. Baba Shitu, tsohon cikinsu, ya ɗago kai.

"Barau, ruwan nan yau ba na shiga ba ne."

"Naku ne ke tsoron iska, Baba. Nawa inji gare shi."

Yayana ke nan. Tun yana yaro ba ya jin bari, sai dai hoho. Ni ma da na bi shi ban fi shi hankali ba.

Muna kaiwa tsakiya iska ta sauko. Ruwa ya yi baƙi. Jirgi ya hau, ya faɗo, ƙasansa na bugawa kamar ana dakan sakwara. Aka kashe rikoda. Wata mai jan baki ta sunkuya tana amai, mai kyamara ya rungume sandar rumfa yana salati. Na danne faifan ƙwarya da hannu biyu. Na san a kan me muke wucewa. Nan ƙarƙashinmu rijiyarmu take, can gaba kaɗan garken Baffanmu.

Da ƙyar muka kai. Yaya Barau ya ɗaure jirgi a wani kututture, baƙi suka zube a ƙasa suna haki. Ba wanda ya ko kalli nonona.

Sai na lura da abu guda. Iska na ruri a kan ruwa ta kowane gefe, amma ganyen kanya ko motsi. Babu tsuntsu. Babu kwaɗo. Wari ne kawai ke tashi, na laka da tsohon nono da ya lalace a ƙwarya.

Rana ta faɗa cikin hadari, almuru ya kawo jiki. Muntaka ya fara ƙananan kuka. Na zaga bayan kanya don in ba shi mama nesa da idon maza. Na ajiye ƙwarya, na zauna a kan saiwa.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Ba a fara ruwan sama ba.

Na ɗaga kai. Wata tsohuwa ce zaune gabana, zaninta jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga gefensa. Ta ɗaure majanyi tam a ƙirji, irin ɗaurin mai goyo. Amma babu goyo a bayan nata.

A bayanta akwai wasu. Da yawa. Suna zaune jere, kowa da ƙunshin kayansa a ɗaure, kamar masu jiran mota a tasha.

"'Yar Maiturare."

Muryar ba ta fi numfashi ba.

"Na'am, Iya."

"Kun tashi ba sallama."

Na ƙara rungume Muntaka.

"Mu ba ma barin wuri sai maƙwabci ya sallame mu. Muna barci ruwa ya shigo. Na farka, na shafa bayana." Ta shafa majanyin. "Shekara uku ina ɗaure da shi."

Ta miƙo hannu. Ba ta tashi ba, hannun ne ya yi ta zuwa. Yatsu masu sanyi suka kama ƙafar Muntaka ta hagu.

Ya saki mama. Ya daina kuka.

"Wannan zai cika majanyina."

"Inna ta aiko," na ce. "Wallahi ta aiko, Iya. Da nono, da saƙo."

Duk kawunan suka juyo lokaci guda.

"Wa ta aiko?"

Daga bakin ruwa na ji Yaya Barau yana kirana. "Saude! Ke muke jira, wace irin mace ce ke!"

Ciki ɗaya muka fito. Shi ya riƙa ɗora ni a wuya in za mu ƙetare rafi. Na tuna wannan. Na kuma tuna gashin baki da farin nono, da Inna tana cewa Allah ya yi maka albarka. Jikin ɗana na ƙara sanyi a cinyata.

"Barau ta aiko," na ce. "Shanyewa ya yi a hanya. Na gani da idona."

Na tura mata ƙwaryata.

Yatsun suka saki, ɗaya bayan ɗaya.

"Nono mun karɓa. Saƙo kuwa, ɗan aike ne zai isar."

Na suri ɗana. Na yi karo da Yaya Barau yana zagowa, ransa a ɓace. Ya buɗe baki zai zage ni, sai idonsa ya wuce kaina. Bakin ya tsaya a buɗe.

Ban ja hannunsa ba.

Na faɗa jirgi. Baƙi duk sun shige. Ba wanda ya taɓa igiya, na ga ta warware da kanta daga kututture, ta sulale cikin ruwa. Iska ta fizge mu.

Na waiwaya. Ya sheƙo da gudu zuwa bakin ruwa. Ƙiftawar ido, yana gindin kanya. Ya sake gudowa. Yana gindin kanya.

Sai muryarsa ta keto iska, kamar ana fizgo ta daga maƙogwaronsa.

"Salamu alaikum! Ruwa na zuwa! Ku tashi!"

Inji a kashe, ba matuƙi, igiyar ruwa ta yi ta jifa da mu har ta watsar da mu a cikin ciyawar gaɓa. Baba Shitu da mutanensa suka tsamo mu ɗaya-ɗaya. A nan Muntaka ya tsala kuka, ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba.

Da safe masunta suka je. Sun tarar da ƙwaryata a wanke, an kife ta a gindin kanya, da takalman Yaya Barau a jere. Shi ba su gan shi ba. Jirgin yana nan a gaɓa, fenti ya ɓare, awaki ke kwana a ciki. Muntaka ya girma lafiya, sai dai ƙafarsa ta hagu ba ta taɓa ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara.

Mutane kan tambaye ni ko na yi nadama. Na yi kuka, ɗan'uwana ne. Amma da za a sake tambayata wa aka aika, sunan nan zan sake faɗa.

Har yau, in hadari ya haɗo da almuru, masunta kan naɗe komarsu su gudu, don iska na kawo muryar daga tsibiri. Ni ba na gudu. Nakan tsaya a bakin ruwa in saurara har ya kai ƙarshe. Inna ce ta aike shi, kuma ga shi yana isarwa.